LAFIYA UWAR JIKI: Yadda ake auna sauƙin ciwon baya

Duk manomin da ya gama girbi ya san dami nawa ya zuba cikin rumbu. In an tambaye shi ba ya cewa "da dama" ya yi shiru. Cewa yake bana 80, bara 65, da haka yake gane ko takin da ya kai gona ya biya shi. Mai saida wake ya san tiya nawa ke cikin buhu. Makiyayi ya san kan dabbobinsa sarai, ko da ba ya son faɗin yawansu gaban mutane. Amma a tambayi mai ciwon baya, "Ina jiki?" Amsa guda ce: "Da sauƙi." Wanda ya warke haka zai ce. Wanda aka ɗauko bisa amalanke yana cije baki, shi ma haka zai ce. Gaisuwa ce, gaisuwa mai kyau kuwa. Sai dai mai magani ba ya iya aiki da ita.

A wannan wata filin nan zai yi bayani bisa awon ciwon baya, watau yadda ake gane ko maganin da ake yi yana ci, ko kuwa ɓarnar kuɗi da lokaci ce kawai.

CIWON DA YA GAME DUNIYA

Ciwon da ake nufi shi ne na ƙasan baya, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ɗuwawu. Wasu na ce masa ciwon ƙugu, wasu kwankwaso. Wani lokaci yana sauka har cikin ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake ce ma OMS, ta ce cikin shekara ta 2020 mutum miliyan 619 ke fama da shi, kuma ana zaton za su kai miliyan 843 a shekara ta 2050. Duk duniya babu ciwon da ya kai shi hana mutane aikinsu. Cikin masu ciwon guda 10, wajen 9 ko an bincika ba a samun wata cuta guda da za a nuna a ce ga ta. Ba karaya, ba ƙari, ba ƙwayar cuta. Baya ne dai ke ciwo.

Mutanen karkara ba sai an gaya musu ba. Mai noman duƙe ya sani. Mai jan wasaki a rijiya mai zurfi ya sani. Matar da ta yi daka da asuba, ta ɗauko itace da hantsi, ga goyo a baya, ita ta fi kowa sani.

A manyan likitocin birane, kamar Yamai da Maradi da Damagaram, akwai ma'aikatan lafiya da ake ce ma kine. Ba sa fiɗa, kuma aikinsu ba na allura ba ne. Suna koya ma mai ciwo irin motsa jikin da ya dace da shi, suna tausa, suna gasa wurin, suna ba da shawara bisa yadda zai ci gaba da aikinsa. Maganinsu ba na rana guda ba ne. Sai an yi ta zuwa, sati bayan sati. Ga ɗan birni abin da sauƙi. Ga mutumin ƙauye kuwa, kowane zuwa kuɗin mota ne, da na abinci, da yinin da aka bar gona ko garke a hannun yara. Wanda ya saida akuya don wannan zirga-zirga ya cancanci a nuna masa, ƙiri-ƙiri, abin da akuyarsa ta sayo.

ABIN DA KE RUƊA MUTANE

Sabon ciwon baya, yawancinsa yana lafawa da kansa cikin sati 6, ko an yi magani ko ba a yi ba. Wanda ya daɗe kuwa, har ya wuce wata 3, hawa da sauka yake. Yau ya tashi, jibi ya kwanta. To, wace rana mutum ke neman magani? Ranar da ciwon ya kai ƙarshen tsananinsa. Daga wannan rana ba inda ciwon zai nufa sai ƙasa. Saboda haka duk abin da aka yi a ranar shi ke samun yabo. In ƙaho wanzami ya yi, a ce ƙaho ne. In saiwa aka jiƙa, a ce saiwa ce. In ƙwayar mai talla aka haɗiya, a ce ai wannan ƙwaya ba ta da biyu. In kine aka je, shi ma ya samu nasa rabon na yabo, ko da bai yi komi ba.

Lokacin shekara ma yana ruɗarwa. Manomi ya fara magani tsakiyar damina, yana cikin maimai. Ya gama bayan an kai hatsi gida, ya ajiye hauya. Bayansa ya yi sauƙi. Magani ne ya yi aiki, ko hutu? Ba mai iya rantsuwa.

Sai kunya. Dattijo ya ga yaron nan kine ya sha wahala da shi, ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi kujera. Ta yaya zai dube shi ya ce aikinka bai yi ba? Sai ya ce da sauƙi ƙwarai, ya fita, ba ya komowa. Kine kuwa ya rubuta cikin littafinsa cewa wannan ya warke. An yi asara biyu ke nan: dattijo bai warke ba, kine kuma bai koyi komi ba, gobe haka zai yi ma wani.

Ga kuma mantuwa. Ba mai iya tuna daidai yadda ciwo yake wata biyu baya. Shi ya sa awo na farko ake yin shi tun ba a taɓa mai ciwo ba. Wanda bai ƙirga damin bara ba, ba ya da abin da zai gwada na bana da shi.

LAMBAR CIWO

Zafin jiki yana da ma'auni, hawan jini yana da nasa, jariri ana ɗora shi bisa sikeli. Ciwo ba ya da na'ura. Mai shi kaɗai ya san shi. Don haka sai aka yi dabara: a roƙe shi ya ba ciwon lamba, daga 0 zuwa 10. Sifiri shi ne babu ciwo ko kaɗan. 10 shi ne ciwon da ba a iya tunanin wanda ya fi shi. Da dattawa abin kan ɗan ɗauki lokaci:

"Baba, cikin satin nan, daga 0 zuwa 10, ciwon naku nawa ne?"

"Ɗana, ai sai godiya."

"Godiya ta tabbata ga Allah, Baba. Amma a taimake ni da lamba, ita zan rubuta."

"To, sa 7."

Wanda bai san lamba ba, a zuba masa ƙwayar wake 10 a faifai, ya ware gwargwadon ciwonsa. Daidai ne.

Lambar wani ba a gwada ta da ta wani. Akwai mai dauriya, wanda 4 ɗinsa ta fi 8 ɗin maƙwabcinsa. Wannan bai ɓata komi ba, don mutum da kansa ake gwada shi: lambarsa ta yau da lambarsa ta wata mai zuwa. Abin da ke ɓata awo shi ne wani ya amsa a madadin mai ciwo. Sau da yawa ana tambayar mace, mai gida ya riga ta: "Ai ta ji sauƙi." Bayanta ne, ba nasa ba. A bar ta ta faɗi lambarta.

Kuma ba kowace sauka ake kira sauƙi ba. In 7 ta koma 6, wannan yana iya faruwa tsakanin safe da marece ba tare da wani magani ba. A shekara ta 2008 masana daga ƙasashe da dama suka fito da shawara guda: sai lambar ta sauka da 2, ko kuwa da kashi 30 cikin 100 na inda ta faro, sannan a ce mai ciwo ya samu sauƙin da zai ji a jikinsa. Mai 7 sai ya kai 5 ko ƙasa.

TAMBAYOYI DAGA INGILA

Lambar ciwo kaɗai ba ta isa ba. Manomi bai zo likita don lamba ba, ya zo ne don ya koma gona. Saboda haka ana auna aiki ma.

A shekara ta 1980 likitocin ƙashi na wani gari a Ingila, sunansa Oswestiri, suka fito da takarda mai tambaya 10. Har yau da sunan garin ake kiran ta, kuma tana cikin waɗanda aka fi aiki da su a duniya. Tana tambaya bisa ƙarfin ciwo, wanka da sa tufa, ɗaukar kaya, tafiya da ƙafa, zama, tsayuwa, barci, kwanciyar aure, shiga jama'a, da tafiya a mota. Kowace tambaya tana da amsa 6, daga 0, watau ba matsala, zuwa 5, watau abin ya gagara sam. Tambayar kwanciyar aure, in mutum ya ji nauyinta, ana tsallake ta a yi lissafi da sauran 9.

Lissafin ba wuya. A tara makin duka, a ninka biyu, shi ne kashi cikin 100. A ce wani ya tara 21 ranar farko. 21 sau 2, 42 ke nan. Bayan sati 8 ya tara 13. 13 sau 2, 26. A cire 26 daga 42, saura 16. A wannan takarda saukar maki 10 ita ce ake ƙirgawa, saboda haka wannan mutum ya samu sauƙi na gaske.

A shekara ta 1983 wasu masana biyu na Ingila, Roland da Moris, suka fito da tasu. Ita magana 24 ce. Ana karanta ma mai ciwo ɗaya bayan ɗaya, in ta dace da halin da yake ciki yau ya ce i, a ba shi maki 1. Mai 0 lafiya lau yake, mai 24 yana cikin wahala. A nan saukar maki 5 ake nema.

Shekara da shekaru waɗannan takardu ba su da amfani ga Bahaushen da bai je lakkal ba, don da Turanci suke. In ma'aikaci ya fassara da ka, yau ya faɗa haka, gobe wani ya faɗa daban, awo ya lalace, kamar a auna hatsi yau da tiyar wannan, gobe da ta wancan. Malaman Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu suka ɗauki nauyin maida su Hausa. An buga ta Oswestiri a 2019, ta lambar ciwo a 2020, ta Roland da Moris a 2021. Aikin ba fassara kawai ba ne. Ana maida takarda Hausa, a ba wasu daban su maida ta Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce. Sannan a gwada ta ga masu ciwo, a sake tambayarsu bayan ƴan kwanaki a ga ko amsa ta tsaya wuri guda. Wanda bai iya karatu ba karanta masa ake. Sai dai Hausar Kano da ta Adar ko Gobir ba ko'ina suka haɗu ba. Mai karantawa ya tabbata an gane kowace kalma kafin ya rubuta amsa.

Duk da haka takardun nan suna da gurguntaka. An yi su ne don mutanen Ingila. Ta Roland da Moris tana tambaya ko mutum yana riƙe ƙarfe in zai hau bene, da ko sa safa yana yi masa wuya. Manomin Dakoro ba ya da bene, safa kuwa sai in sanyi ya matsa. Ba inda aka tambayi hauya, ko turmi, ko tsuguno, ko ruku'u da sujada.

AIKIN MUTUM NA KANSA

Akwai wata dabara da ta fito daga Kanada a shekara ta 1995, ita ta fi dacewa da karkara. Ba takarda mai tambayoyi. Mai ciwo shi ke faɗin ayyukan da ciwon ya hana shi, guda 3 ko har 5, waɗanda suka fi damun shi. Kowane ya ba shi lamba daga 0 zuwa 10. A lura da kyau: nan lambar a juye take. 0 shi ne ba ya iyawa sam, 10 shi ne yana yi kamar kafin ciwo. Lambar ciwo sauka ake so ta yi, lambar aiki hawa.

Manomi zai ce noma, ɗaukar dami, hawan amalanke. Makiyayi zai ce jan ruwa, bin dabbobi yini guda, tsugunawa wajen tatsa. Uwar gida za ta ce daka, shara, ɗaukar tulu. Tsoho mai yiwuwa ya ce shi dai ya samu ya yi salla a tsaye. Abin da aka faɗa ranar farko shi za a riƙa tambaya har ƙarshe. Ba a canza shi a tsakiya.

Wannan awo ba sai a likita ba. Kaye guda da abin rubutu sun isa. Duk wanda ya koyi lambobi a makarantar yaƙi da jahilci yana iya riƙe ma kansa, ya kuma riƙe ma maƙwabci. A zaɓi rana guda cikin sati, wadda ba a mantawa, kamar ranar kasuwa. A zaɓi lokaci guda, kuma kafin a sha ƙwayar kashe ciwo, don awon da aka yi bayan ƙwaya ƙwayar aka auna. A tambayi yadda satin ya kasance gaba ɗaya, kada a tsaya ga rana mafi muni. Ban da ciwo da aiki, a rubuta sau nawa ciwo ke tada mutum cikin dare, da ƙwaya nawa ya sha cikin satin. A gefe a sa irin aikin da aka yi, shuka ne, noma ne, ko zaman rani, don kada hutu ya ci yabon magani.

Ga misali, a ce kayen wani manomi ne:

Ranar farko: ciwo 7, noma 2, jan ruwa 3, tashin dare 4, ƙwaya 12.
Sati na 4: ciwo 6, noma 4, jan ruwa 5, tashin dare 2, ƙwaya 6.
Sati na 8: ciwo 5, noma 7, jan ruwa 7, tashin dare 1, ƙwaya 2.

A sati na 4, da a bakinsa za a ji, cewa zai yi abin nan ba ya ci, tunda har yanzu baya na ciwo. Da yawa a nan suke yanke zuwa. Amma kaye ya nuna wani abu daban. Yana noma fiye da da, yana barci, ƙwaya ta ragu da rabi. Ciwon da ya daɗe haka yake yawan yi: aiki ke fara komowa, ciwo ya biyo baya a hankali. Wannan mutum ya ci gaba.

Ga kuma kayen wani: ciwo ya sauka daga 7 zuwa 3, kowa na murna. Amma noma yana nan a 2, ƙwaya kuwa ta tashi daga 12 zuwa 25. Wannan bai samu sauƙi ba. An lulluɓe ciwon ne, an kuma buɗe ƙofar wata cuta.

Wanda ke son abin da ake ƙirgawa da ido yana iya ƙarawa: layi nawa yake nomewa kafin dole ta sa shi miƙewa, wasaki nawa yake ja, turmi nawa ake dakawa kafin a zauna. Akwai kuma awon duƙawa. Mutum ya tsaya, gwiwa a miƙe, ya duƙa iyakar iyawarsa ba da tilas ba. Kine yana auna tsakanin yatsa da ƙasa da mitir. A gida karan hatsi ya isa: a yanke shi daidai tsawon, a ajiye, bayan wata guda a yanko wani a gwada. Amma wannan ɗan rakiya ne kawai. Akwai mai taɓa ƙasa da tafin hannu amma ba ya iya yini a gona.

Hoton radiyo fa? Mutane suna son shi ƙwarai, har wani ya ga kamar ba a duba shi ba in ba a ɗauke shi hoto ba. Hoto yana da amfani in ana tsoron karaya ko wata cuta ta ƙashi. Amma ba ya auna sauƙi. Manya da yawa da ba sa jin ciwon komi, in an ɗauke su hoto za a ga ƙashin bayansu ya sha aiki. Wani kuma ya warke sarai, hotonsa na nan yadda yake. Kuɗin hoto na biyu, in lokotoro bai nema ba, gara a sayi hatsi da shi.

ABIN DA AKA GANI A TSAKUWA

Da irin wannan awo ake gwada magani da magani. A garin Tsakuwa, cikin ƙasar Dawakin Kudu kusa da Kano, malaman Jami'ar Bayero sun yi wani gwaji da aka buga a shekara ta 2023. Sun ɗauki mutanen karkara 120 masu ciwon baya da ya daɗe. Suka raba su kashi 3, kowane mutum 40, ta hanyar ƙuri'a, don kada a zaɓo masu ƙarfi a tara su gefe guda. Kashi na farko aka yi musu bayani: mene ne ciwon baya, don me bai kamata a ji tsoron motsi ba, yaya za a ci gaba da aiki. Kashi na biyu aka koya musu motsa jiki kaɗai, irin mai horar da tsokokin ciki da na baya masu riƙe ƙashin baya. Kashi na uku aka haɗa musu biyun. An yi sati 8 ana yi. An auna su da lambar ciwo da takardar Oswestiri tun kafin a fara, aka sake a sati na 8, aka kuma sake a sati na 20.

Duka kashi ukun sun samu sauƙi. Waɗanda aka haɗa ma biyun sun ɗan fi. Wajen ciwo sun fi kashi na farko da lamba 1 da ɗan abu. Wajen aiki ma sun fi kashi na farko da maki kaɗan. Tazarar ba babba ba ce, kuma da "da sauƙi" aka tambaya ba mai ganin ta. Sannan babu kashin da aka bari ba magani, saboda haka gwajin bai nuna nawa ne cikin sauƙin zai zo da kansa ba. Amma abu biyu sun fito fili. Bayani da motsa jiki in an haɗa su suna cikin magani. Kuma mutumin ƙauye da bai yi karatu ba yana ba da lambarsa daidai in an tambaye shi da harshensa.

Awon sati na 20 ɗin nan abin koyi ne. An daina magani da wata 3 sannan aka koma aka auna. Mai kaye ma kada ya rufe shi ranar da kine ya sallame shi. Ya sake rubutawa bayan wata 3, ya kuma sake in damina ta kama, don a bakin hauya ake sanin gaskiyar baya.

Cikin watan Disamba na 2023 OMS ta tara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa ta fito da shawararta ta farko bisa ciwon baya da ya wuce wata 3. Abin da ta yarda da shi: bayani, motsa jiki, tausa da gyaran gaɓoɓi a hannun wanda ya koya, taimako wajen rage tsoro da damuwa, da magunguna irin su ibuprofen. Abin da ta ce kada a riƙa yi: ɗaura ɗamarar baya, jan baya da na'ura, da ƙwayoyi masu sa maye. Tramol yana cikin dangin nan. Samari da yawa suna shan shi don su yi noman kuɗi ba gajiya. Yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma kawo farfaɗiya in an yawaita. Su ibuprofen da diklofenak ma ba goro ba ne. Yawan shan su yana ci ma mutum ciki, yana ɓata ƙoda, musamman ga tsofaffi da mai aiki cikin rana ba ya shan ruwa. Mai juna biyu kada ta sha sai ta tambaya a likita. Kwanciya kwana da kwanaki kuwa, wadda a da ake cewa ita ce magani, an auna an ga ƙara daɗewar ciwo take.

In an yi sati 4 zuwa 6 ana magani, ko na kine ne ko na gargajiya, kaye bai motsa ba, kada a ɓace shiru. A koma da kayen a hannu, a buɗe shi gaban mai magani. Ba rashin kunya ba ne. Kine na ƙwarai murna zai yi, don da shi zai san ko ya canza irin motsa jikin, ko ya ƙara, ko ya tura mutum wajen lokotoro.

WANDA BA A JIRA A AUNA

Akwai ciwon bayan da ba na kaye ba ne. In mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, jijiya ce ta matsu. A kai shi babbar likita a ranar, ko da dare ne, don jinkiri yana iya barin shi da shanyewa. Haka wanda ya faɗo daga itace, ko raƙumi, ko cikin rijiya. Shi a kwantar da shi bisa ƙyaure ko wani abu mai tauri a ɗauke shi, kada a naɗe shi, kada a tausa.

In ciwon baya ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, ko da tari da ya daɗe, ko wani ƙusumbi ya fara fitowa a gadon baya, ana tsoron tarin fuka ne ya shiga ƙashi. Yana da magani, amma na watanni ne, kuma tausa ba ta yi masa komi. Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, musamman ga wanda ya manyanta, shi ma a nuna shi da wuri.

Makiyaya su ƙara lura da wannan. Cutar da ke sa shanu da awaki ɓari tana kama mutum, ta hanyar ɗanyar madara ko taɓa mahaifar dabba da hannu. Tana kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da ciwon gaɓoɓi, da ciwon ƙugu. Wanda ya je likita da irin wannan ya gaya ma ma'aikaci cewa an yi ɓari a garkensa, ko da ba a tambaye shi ba.